Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga marubutanmu na onlayin: ku bar a'ar yarinyar nan ta zama a'a

Assalamu alaikum Antocina da ƙannena marubuta, ku da kuke raba dare kuna mana taifin a WhatsApp da Wattpad da Telegram da ArewaBooks, wata da goyo a baya wata ta gama tuwon dare kenan ta ɗauki waya da ragowar cajin da bai kai ashirin ba dan kar mu kwana ba afdet. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Ni mai lalle ce da gyaran amare a Tudun Wada nan Kaduna, kuma ni ke riƙe da wani guruf na makaranta, kusan dukkanmu matan aure ne da zawarawa, akwai 'yan Rigasa akwai 'yan Kawo da Unguwar Rimi da Badarawa, har da waɗanda aure ya kai Zariya da Abuja. Kuɗinmu muke sawa mu sayi littafinku, mu tura shaidar biya, ba ma cikin masu fitar muku da littafi waje kuna Allah ya isa. Dan haka ina ganin ina da bakin da zan yi magana, kuma dan Allah ku karanta har ƙarshe kafin wata ta ce hassada ce ko an turo ni.

Tun ƙarshen shekarun 1990 nake karatun nan. Akwai wani shagon haya a bayan layinmu, hanyar da ke ɓullewa Kasuwar Barci, naira biyar kwana ɗaya, littafin duk ya sha salatif bangon ya yi laushi saboda hannu, wani shafin ma da ɗigon manja, in kin kai ƙarshen na ɗaya ki ruga ki tarar wata ta riga ki ɗaukar na biyu, haka za ki kwana da abin a ranki. Da fitilar ƙwai muke karantawa a ƙarƙashin gidan sauro. Lokacin ma zagin marubuta ake yi, ana cewa adabin kasuwar Kano ne, su ke lalata tarbiyya, har a 2007 zamanin A Daidaita Sahu aka tara littattafai a Kano aka cinna musu wuta, hukumar tace finafinai kuma ta taso marubuta a gaba da maganar rajista. Ban goyi bayan wutar nan ba a lokacin kuma yau ma ban goya ba. Me ta hana? Littafin ya fita daga kasuwa ya shige waya, inda ba hukumar da ke iya leƙawa, inda yarinya za ta karanta shafi ɗari a ƙarƙashin bargo uwarta na zaton barci take. Shi ya sa ban rubuta wa gwamnati ba, ban rubuta wa Hisba ko malamai ba, ku na rubuta wa, domin yanzu duk wani birki da ya rage a hannunku yake.

Abin da ya sa na ɗauki waya shi ne wani littafi da muka gama watan jiya, ba zan faɗi sunansa ba ba zan faɗi mai shi ba, dan ba ita kaɗai ba ce, in na kama suna an mai da maganar faɗan mutum biyu. Kun san irinsa ai. Gwarzon attajiri ne, miskili, ba ya dariya, gaisuwa ma da ido yake amsawa, masu gadi na rawar jiki in motarsa ta shigo. Yarinyar marainiya, aka ɗaura musu aure ba ya so ba ta so. Har nan wallahi ba ni da matsala, ni ma ina son labarin miskili, ina son na ga ranar da duwatsun nan na kansa za su narke. Amma wannan sai ya kulle ta a sashenta ya karɓe wayarta, ya hana ta zuwa ganin kakarta da ke kwance asibiti, ya zare bel ya zane ta dan ta gaida direba, daren farko kuma tana kuka tana roƙonsa da girman Allah yana ji bai fasa ba har ta suma aka kira likita. Bayan shafi kaɗan sai ga shi ya kawo gasasshiyar kaza da madara, ya sayo mata mota, sai aka rubuta mana wai daga ranar ta ji wani irin sonsa na ratsa ta. Bai ce ki yi haƙuri ba ko sau ɗaya har littafin ya ƙare. Da 'yan biyu aka rufe labarin a Dubai.

Kwana uku guruf ɗinmu bai zauna lafiya ba, kuma ina so ku ji abin da makarantanku ke faɗa in ba kwa nan, domin a guruf ɗinku na biya yabo kawai kuke gani, wadda ta yi gyara a cire ta.

Masu son littafin suna da yawa, ba zan ɓoye muku ba, kuma ba 'yan iska ba ne kamar yadda wasu ke saurin cewa. Akwai wata baiwar Allah malamar firamare ce, 'ya'yanta biyar, ita ta fi kowa kare shi, ta ce ku ba ku gane ba, ni tun asuba nake yanke hukunci, me za a dafa, wa za a biya wa kuɗin makaranta wa zai jira, ina za a samo na gas, maigidan in ya dawo wayarsa yake dannawa ko na canza ɗinki ko na yi kitso bai sani ba, to in na kwanta ina so na karanta namijin da shi ke ɗauke komai, wanda idonsa ke kan matarsa kamar ba wata mace a duniya, ko da kishin nasa ya yi yawa. Ta ce labari ne, na san labari ne, in na ajiye waya na koma rayuwata. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin gaskiya ta faɗa, kuma na tabbata mata da yawa abin da suke nema a wajen mai izzar nan kenan, a kula da su, a so su da ƙarfi, a sauke musu kaya. Wasu kuma suka ce su fa a littafi suka koyi zaman ɗaki, ba uwar da ta zaunar da su, ranar kai amarya abin da aka ce musu kawai yi nayi bari na bari, sai haƙuri sai haƙuri, kunya ta hana kowa buɗe baki, to marubuta ne suka buɗe. Wannan ma ban musa ba.

Akwai waɗanda su kuma gaba ɗaya suke ganin duk wani shafin ɗaki haramun ne a rubuta haramun ne a karanta, ko na ma'aurata ne, suna tsallakewa ko su fita daga littafin. Ina girmama su, ga malamai nan sai a tambaye su, ba wannan ce maganata ta yau ba.

Wadda ta tsayar da musun wata ce da ba ta cika magana ba, shekara biyu tana guruf ɗin sai dai ta turo sitika. Wajen ƙarfe biyun dare ta turo murya, minti huɗu da wani abu, ana jin fanka na juyawa a bayanta tana magana ƙasa ƙasa kar ta tashi yara. Ta ce ni na auri mutumin nan da kuke yabo. Ta ce shekara shida na zauna da shi, da ya fara karɓe min waya murna na yi na ce kishina yake, da ya hana ni zuwa gidanmu na ce so ne, ranar da ya fara marina na tuna duk littattafan da na karanta na ce saura kaɗan ya narke, haka ake yi, sai an sha wuya. Ta ce nawa bai narke ba, kunnena na hagu har yau ba ya ji sosai. Ba ta zagi marubuciyar ba, abin da ta ce kawai shi ne da an taɓa nuna min a littafi ɗaya cewa irin wannan mutumin yana iya ƙin canzawa, da wataƙila na gaya wa Babanmu tun shekarar farko. Bayan muryar nan guruf ya yi tsit har gari ya waye, malamar nan mai 'ya'ya biyar ita ta fara rubutu da safe, ta ce Allah ya isar miki 'yar uwa.

To Antocina ga inda nake. Izza daban, zalunci daban, kuma kun fi ni sani domin ku ke da alƙalami. Namiji ya zama mai faɗa a ji a gidansa, mace ta so hakan, ta miƙa wuya da son ranta, ta ji daɗin a ja ta a gaba, wannan ruwansu ne, akwai matan da haka suke so kuma ba wanda zai ce musu don me. Amma kalmar ita ce da son ranta. Abin da ke ɓata min rai a littattafan yanzu shi ne a'ar yarinya ba ta da daraja ko ta sisin kwabo. In ta ce a'a sai a rubuta shagwaɓa ce, in ta yi kuka sai a ce kukan na ƙara tunzura shi, in ta gudu ɗakin Hajiya sai Hajiyar ta riƙo hannunta ta mai da ta tana dariya wai ai haka kowa ta yi. Duk gidan ba mutum ɗaya da zai ce kai wane ka ji tsoron Allah. Ita kanta marubuciyar, da ita ce mai gidan gaba ɗaya, sai ka ji muryarta tana bayansa tana masa kirari.

Na san inda wani ɓangare na salon nan ya samo asali. Tun da littafin Turawan nan Fifty Shades of Grey ya fito a 2011 ya sayar da kwafi sama da miliyan 100, aka yi fim ɗinsa a 2015 wanda hukumar tace finafinai ta Najeriya ta hana nunawa a sinima, Wattpad ta cika da attajirai masu mulki da 'yan mata masu rawar jiki, mu ma ya biyo ta nan ya shigo mana, aka sa masa rawani da babbar riga, wani lokacin kakin soja. Amma ko a can, su mutanen da suke irin wannan rayuwar ta mulki da miƙa wuya a ɗaki a zahiri sun soki littafin, suna cewa ƙa'idarsu ta farko ita ce yarjejeniya, sai an zauna an faɗi abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba, har kalma suke ajiyewa wadda in ɗaya ya furta komai ya tsaya nan take. Ba ina ce mu kwaikwaye su ba ne, Allah ya kiyaye, muna da namu addinin da al'adar. Abin da nake nunawa shi ne mu mun ɗauko bel ɗin da mukullin ƙofar, muka bar yardar a can, sannan muka lulluɓe abin da sunan biyayyar aure, wanda ya fi nasu haɗari ma, domin yarinyarmu za ta ɗauka ibada ce.

Kuma wace biyayya? Allah cewa ya yi ku zauna da su da kyautatawa, a Suratun Nisa'i, ya ce ya sanya soyayya da jinƙai a tsakaninku, a Suratur Rum. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, aka warware auren, yana nan cikin Bukhari duk 'yar Islamiyya ta ji shi. Amma sai ki ga gwarzon littafi da tabon sallah a goshi, ba ya rasa jam'i, har limanci yake ja a masallacin gidansu, ya dawo daga asuba ya shaƙe 'yar mutane a bango. In za ku rubuta azzalumi ku rubuta, akwai su a gari ai, amma ku kira shi da sunansa, kar ku ɗaura masa carbi ku ce mana shi ne mijin da za a yi addu'ar samu. Kun san 'yan mata nawa ke rubuta Allah ka ba ni irin wane a ƙasan shafin da ya gama dukanta?

Bari na gaya muku abin da na gani da idona a shagona. Wata amarya aka kawo min daga Rigasa ana saura kwana biyu ɗaurin aure, ta gama sakandare har ta fara kwaleji, yarinya mai hankali, saurayinta ne na shekara uku kuma ita ta ce tana so. Na zana mata hannu na zana ƙafa, ta miƙe su a kan leda tana jiran ya kama, ƙawayenta suka fita sayen awara, sai na ga tana ta kallon ƙofa. Da ta tabbata ba kowa sai ta ce Anti dan Allah in tambaye ki, wai dole ne sai an kai mutum asibiti an masa ɗinki? Na ce wa ya gaya miki? Ta ce duk littafin da na karanta haka ake yi, wata ma sai ta kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. Hannunta rawa yake har lallen ya goge a yatsa biyu sai da na sake zanawa. Sati biyu ba ta iya cin abinci, gida suna ta cewa zumuɗi ne. Na zauna na yi mata bayani irin na ya da ƙanwa, na ce mata namijin da ke sonki in kin ce ya dakata zai dakata, kuma rauni irin wannan ba alamar jarumta ba ce ba kuma alamar mutuncinki ba ce, alamar an yi miki ba daidai ba ce. Ta kalle ni ta ce to Anti ai in na ce ya bari zai ce ban da tarbiyya. Wannan jumlar ce ta hana ni barci ranar, kuma ba uwarta ce ta koya mata ba, a waya ta koya.

Sai maganar shekaru, nan kam ba zan sassauta ba. Me ya sa dole sai jarumar ta zama 'yar sha huɗu ko sha biyar, shi kuma yana da arba'in? Me zai ragu a labarin in ta kai ashirin da biyu, tana da sana'arta ko karatunta, ta san ciwon kanta? A jihar nan tamu ta Kaduna a 2020 aka gyara dokar fyaɗe, gwamnan lokacin Nasir El-Rufa'i ya sa hannu, wanda aka kama da laifin yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe hukuncinsa dandaƙa da kisa, in ta haura haka dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Tun 2018 kuma jihar ta karɓi dokar hana cin zarafin mutane wadda tarayya ta yi a 2015. Cibiyoyin Salama da ke karɓar waɗanda aka ci wa zarafi suna nan, akwai a Kakuri akwai a Zariya da Kafanchan, ba dan ado aka buɗe su ba. Abin da ake kai mutum kotu a kansa da rana, shi muke biyan ɗari biyar mu karanta da dare, wani littafin ma tun kafin aure ake yi, ya afka wa 'yar aikin gidansu, ƙarshe a ɗaura musu aure a ce ƙaddara ce ta haɗa su. Yarinyar da aka taɓa yi wa haka in ta karanta, me kuke so ta ji? Cewa wanda ya cuce ta mijinta ne da ba ta gane ba?

Na san amsar da za ku ba ni domin na sha gani a saman shafi, littafin nan na matan aure ne, budurwa in kin karanta ke da Allah. Antocina wannan rubutun bai taɓa hana kowa ba, talla ma yake yi. Littafi in ya zama dokumen ya gama fita hannunku, daga wayar uwa yake zuwa ta 'ya, daga guruf ɗin matan aure zuwa na 'yan aji uku.

Mu ma makaranta muna da namu laifin kuma na faɗa a guruf ɗinmu ba a bayan ido ba. Mu ne muke cika muku kwamen da Anti a ƙara wuta, Anti yau ba zafi, in marubuciya ta rubuta labari mai nutsuwa mutum talatin ne za su biya, in ta zuba abin nan sai an buɗe guruf na biyu da na uku. Na san data kuɗi ce, caji kuɗi ne, wata da kuɗin littafin nan take sayen madarar yaro, wata take biyan haya, ga masu kayan mata na biyan talla a tsakiyar shafi su ma zafin suke so. Ban raina neman halak ɗin kowa ba, ni ma da zanen hannun mutane nake ci. Amma ni in amarya ta ce na haɗa mata abin da na san zai ƙona mata fata ba na haɗawa ko nawa za ta biya, domin gobe ni za a nuna.

Ba na ce ku daina rubuta miskili ba, ku bar mana shi da shan ƙamshinsa da motocinsa. Abin da nake roƙo, ranar da ta ce masa a'a da gaske, ku sa ya tsaya, ko ransa na ƙuna ku sa ya juya ya fita ya ba ta wuri, wallahi shafin nan zai fi duk wani shafin suma da likita tsuma zuciya, domin a nan ne za mu yarda sonta yake ba kansa ba. In kuma labarin ya buƙaci ya yi zalunci to ya biya, ya durƙusa, ya rasa ta na wani lokaci ko ma har abada, a samu dattijo ɗaya a gidan da zai tsawatar, a samu uwar da za ta ce 'yata ba za ta koma ba sai an zauna. Ku ba jarumar baki, ita ma ta faɗi abin da take so, mace mai son mijinta da take zuwa da ƙafarta ta fi wadda ake ja a ƙasa daɗin karantawa. Kuna da basirar, na ga yadda wasunku ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016 suna rubuta labaran da ke sa mutum hawaye ba tare da an zare bel ba, hannun ɗaya ne ai.

Mu dai a guruf ɗinmu mun yanke shawara bayan muryar baiwar Allahn nan, da yardar har masu kare littafin. Duk sabon littafi mutum biyu za su fara karanta shafukan kyauta su tambayi marubuciyar kai tsaye shekarun jarumar da kuma ko akwai fin ƙarfi da aka mai da soyayya, in akwai ba za mu biya ba, in babu za mu biya gaba ɗayanmu rana ɗaya mu kuma tallata shi a duk inda muke. Mun riga mun yi wa marubuciya ɗaya haka satin da ya wuce, yarinya ce sabuwa daga Zariya, da ta ga alat na shigowa a jere sai da ta kira ni tana tambaya ko kuskure aka yi.

Amaryar nan ta Rigasa kuma ta dawo shagon kwanaki a yi mata lallen suna na yayarta, ta yi ƙiba ta yi haske, da muka haɗa ido ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce Anti ashe ba haka ba ne. Har yanzu tana karanta littattafanku, ta nuna min uku a wayarta.

Wassalam, taku mai lalle daga Tudun Wada, Kaduna.